Malam Ina-Hanya da Jirgin Ƙarfe Huɗu

Duk wanda ya iya faɗin lokaci da Turanci a unguwar nan, in ka bi diddigi, a hannun Malam Ina-Hanya ya koya. Kuma duk wanda ya taɓa yin alkawari da shi ya san mutumin bai taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba. Daga nan ma sunan ya samo asali. Ka kira shi a waya yana tsaye gaban madubi yana neman hularsa, sai ya ce maka yana hanya. Allah ya sani ba ƙarya yake nufi ba. A wurinsa, tunda ya yi niyyar fita, to ya kama hanya ke nan.

Ya yi shekarunsa yana koyarwa a firamare, da ya yi ritaya sai zaman gida ya ishe shi, ya buɗe ajin manya a wani ɗaki da ke saman shagon mai faci. Ɗakin ba wani ɗaki ba ne: benci huɗu, allo mai tsagewa a gefe, fanka mai kukan tsufa, sai agogon bango guda da mai facin ya ba shi kyauta. In ana tsakiyar darasi mai faci ya kunna injin iska, sai kowa ya yi shiru ya jira, don ko kai ne sarkin Turanci ba za a ji ka ba.

Malam ba ya zana agogo a allo. Shi ne agogon. Ya tsaya tsakiyar aji, lema a hannun dama ita ce dogon hannu, rula a hannun hagu ita ce gajere, ya buɗe su ya ce a faɗa masa ƙarfe nawa da Turanci. Ya koya musu cewa dogon hannu tafiyar dutse yake yi: in yana gangarowa, ka faɗi mintin da ya wuce, in ya juya yana hawa, ka faɗi abin da ya yi saura. Idan lema ta kwanta sambal, kwata ce. Idan ta dubi ƙasa, rabi ne. Da yake ruwa ko rana ba ya rabuwa da lemar nan, yara a titi in sun hango shi sukan tambaye shi ƙarfe nawa, shi kuma ba ya jin haushi, sai ya ɗaga musu ita.

Ɗalibansa kowa da abin da ya kawo shi. Akwai direban wata ma'aikata da ya gaji da gyaɗa wa baƙi kai ba tare da ya san yaushe suka ce ya dawo ba. Akwai tela, wanda kwastomominsa suka fara zuwa daga nesa. Sai wata dattijuwa da kowa ke ce wa Kaka, wadda jikokinta suke wata ƙasa ba sa jin Hausa sosai, tana so in sun ce za su kira ta ranar kaza da ƙarfe kaza, ta gane da kunnenta ba sai an fassara mata ba. Kaka ta fi kowa naci, ta kuma fi kowa rikita hannuwan agogo. Ta ce ita dai abin da ya ɗaure mata kai shi ne a ce gajere ne babba, dogo kuma ɗan aike.

Da tela Malam ya fi yin drama. Zai tambaye shi da Turanci yaushe ɗinki zai kammala, tela ya yi murmushi ya nemi kalmar "an jima". Malam ya ce a ajin nan babu an jima, babu gobe-gobe, babu in an kwana biyu. A faɗi rana, a faɗi ƙarfe, a faɗi safe ne ko yamma. Tela ya faɗa daidai, babu kuskure ko ɗaya, aji ya tafa masa. Sai direba ya ce daga baya, shi dai rigarsa tana shagon telan tun kafin a fara koyon kwanakin mako. Malam ba ya tsananta wa tela a kan wannan. Ciwonsu ɗaya, kuma kowa ya sani, don ajin da aka sa ƙarfe goma bai taɓa farawa kafin goma da rabi ba.

Abin da ke makarar da Malam ba barci ba ne, ba kuma lalaci ba. Gaisuwa ce. Mutumin nan bai iya wuce ɗan Adam ba. Daga ƙofar gidansa zuwa bakin titi sai ya tambayi mai kanti ciwon gwiwarsa, ya tambayi mai gadi ko ɗansa ya sami aikin nan, ya tsaya ya raba yara faɗa, ya karanta wa wata tsohuwa rubutun jikin kwalbar magani. Kuma ba gaisuwar baki ba ce, tsayawa yake yi ya ji amsa. Shi ya sa ba mai iya riƙe shi a zuciya. Za ka shirya masa faɗa tun yana nesa, ya iso yana haki ya tambaye ka jikin mahaifiyarka, wadda kai ma ka manta ka faɗa masa ba ta da lafiya, sai faɗan ya bi ruwa.

Matarsa ce ta fara gano cewa hali zanen dutse ne, tun suna amarya da ango. Ba ta yi ta ɓata bakinta ba, sai ta hau kujera ta tura agogon falo gaba da minti goma. Malam ya gane, ya riƙa cire goma a ransa. Ta mai da shi ashirin. Ya gane. Haka suka yi ta yi, ba wanda ya taɓa ce wa wani uffan, har aka wayi gari babu agogo biyu a gidan da suka yarda da juna. Na falo daban, na kicin daban, na wayarsa ma ta sa babban ɗansu ya taɓa mata shi. Yara suka tashi a haka. In biki ƙarfe biyar ne, Baba a ce masa huɗu, ya lissafa ya ce to huɗu da rabi ke nan, ya isa biyar da rabi, kowa ya ce ai yau ya yi ƙoƙari.

Kowa dai ban da Auta. Ita ce ƙarama, ita ce ta fi kama da shi, ita ce kuma ya fara koya wa wasan lema tun tsayinta bai kai tebur ba. Tana ƙarama takan tare shi a ƙofa ta tambaye shi ƙarfe nawa da Turancinta na yara, shi kuma ya buɗe hannuwa ya ce ta karanta. Amma ita ce wadda ake tashi daga makaranta kowa ya watse ya bar ta a bakin get. Ranar da aka kira sunanta ta karɓi kyautar ta ɗaya, ya iso ana tattara kujeru. Ranar da ta gama makarantar jinya, ya shigo ana ɗaukar hoton ƙarshe, a hoton ma rabin kafaɗarsa ce ta fito. Ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba. Abin da ta yi shi ne ta zama mai sammako: ko'ina za ta, sai ta riga mai buɗe ƙofa.

To, sai ga shi Auta ta sami aiki a wani asibiti, a gari mai nisan gaske, inda ba a zuwa a dawo don an yi marmarin gida. Jirgin ƙasa za ta bi ranar Asabar. Malam ya yi murna, ya yi ta faɗa wa mutane a hanya har ya makara zuwa aji fiye da kullum. Ana saura kwana biyu, tana ninke kaya, ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce daga aji zai wuce tasha kai tsaye, shi zai ɗora mata akwati da hannunsa.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Baba, mu yi sallama a gida da safe kawai. Kar ka yi alkawari."

A hankali ta faɗa, babu fushi, shi ya sa maganar ta shige shi. Da faɗa ta yi da ya sami abin cewa. Ya koma falo ya zauna a ƙarƙashin agogon da ke gaba da duniya, ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Ya ƙudura a ransa cewa ko sama da ƙasa za su haɗu, wannan karon sai 'yarsa ta same shi a tasha. Ya kuma yi wa kansa doka: duk lokacin da aka faɗa masa, shi zai riƙe, ba zai ƙara ko minti ɗaya ba.

Jirgin ƙarfe huɗu zai tashi. Matarsa, bisa al'adarta, ta kira babban ɗansu ta ce ya faɗa wa babansu ƙarfe uku. Shi kuma ɗan, da yake aiki zai hana shi zuwa, bai san ainihin lokacin ba, ya ɗauka ukun ce gaskiya. Ya yi abin da aka horar da shi a kai tun yana yaro, ya cire awa guda, ya ce wa Baba ƙarfe biyu. Malam ya karɓa hannu biyu-biyu.

Ranar Asabar ya iso aji da labarin a bakinsa. Bai ɓoye musu komai ba, har maganar da Auta ta faɗa. Ya ce yau ɗaya da rabi daidai za a tashi, duk wanda ya ga ya shagala ya jefe shi da takalmi. Ba a jima ba mai faci ya leƙo ya ce wani tsohon ɗalibin Malam yana ƙasa yana son gaishe shi. Malam ya ce minti biyu, ya sauka.

Yana fita aji ya dubi juna. Direba ya ce kowa ya san minti biyun Malam, kuma daga nan zuwa tasha akwai aƙalla mutum ashirin da za su ce masa sannu. Tela ya ce shi ya san ciwon daga ciki, magani ɗaya ne, a tura agogo. Aka sauko da agogon bango aka ɗora a benci, sai gardama ta kaure a kan wane hannu za a juya kuma sau nawa. Kaka ta ture su ta karɓa. Ta kama ɗan makunnin baya, ta zagaya da dogon hannu sau ɗaya cif, tana ƙirga gangara da hawa a fili da Turanci, har gajeren ya matsa gida guda. Suka duba, babu kuskure. Kaka ba ta taɓa karanta agogo daidai ba tun da aka fara darasin, sai yau da ake shirya wa malaminta gadar zare.

Malam ya dawo ya ci gaba da darasi, bai zargi kowa ba. Agogon aji shi ne guda ɗaya a rayuwarsa da ba a taɓa taɓawa ba, don haka ya yarda da shi kamar yadda ya yarda da sunansa. Ya dai yi mamakin yadda safiyar ta gudu. Da ya ga ɗaya da rabi, ya ajiye rula, ya suri lema, ya sauka da sauri har ya manta wayarsa a kan tebur.

Abin da mutanen titi suka gani ranar sun daɗe suna ba da labarinsa. Malam ya buɗe lema ya sunkuyar da ita ta rufe masa fuska, yana tafiya kamar wanda ya yi sata. Mai kanti ya gaishe shi, ya wuce. Mai gadi ya ɗaga hannu, ya wuce. Kowace gaisuwa da ya ƙi amsawa sai da ya ji ta a ƙirjinsa. Ya kusa cin nasara. A mararraba ya tarar da wani makaho ya rasa mai tsallakar da shi, motoci suna ta wucewa. Nan kam lema ba ta iya rufe masa ido ba. Ya kama sandar mutumin ya tsallakar da shi, ashe ba nan kaɗai za shi ba, sai da ya kai shi har ƙofar kemis a layi na gaba. Daga nan ya hau motar haya, ita kuma ta tsaya shan mai. A lissafinsa, lokacin da ya shiga tasha biyu ta gota.

Wurin jiran jirgi fayau, ba kowa sai wani mai shara da tattabaru. Malam ya tambaye shi ko jirgi ya tashi, mutumin ya ce yanzun nan ya tashi, ga ƙarshensa can. Gaskiya ya faɗa, akwai jirgin da ke tashi ƙarfe ɗaya zuwa wani wuri daban, amma ba wanda ya tambaye shi wannan. Malam ya hango bayan tarago na ƙarshe yana shan kwana. Ya ɗaga kai ya ga babban agogon tasha yana nuna ɗaya da 'yan mintoci, ya yi tsaki ya ce ko batir ba sa iya canja masa. Duk agogon da ya sani gaba yake yi, wanda ya koma baya kuwa matacce ne.

Ya sami benci a can baya ya zauna, lema a tsakanin gwiwoyinsa. Bai yi kuka ba. Ya yi ta ganin Auta a tagar jirgi tana duban ƙofa har aka ja. Ya rasa wa zai ba laifi. Makahon bai yi masa komai ba.

Ya daɗe a haka, idonsa a kan agogon don ba shi da wurin kai shi. Can sai ya ga dogon hannun ya yi ɗan tsalle. Ya gyara tabarau. Ya jira, hannun ya sake matsawa. Matacce ba ya motsi. Ya tashi ya je tagar mai sayar da tikiti ya tambayi jirgin da za shi garin da Auta za ta, aka ce masa ƙarfe huɗu, kuma yau ma ba a sa ran zai makara.

Malam ya koma bencinsa yana lissafi kamar yadda yake sa ɗalibai. Daga huɗu zuwa uku, wannan hannun matarsa ne, ko a mafarki ya san shi. Daga uku zuwa biyu, ɗansa. Saura awa guda ba ta da mai ita, sai da ya tuno yadda Kaka ta yi ta kallon silin da ya dawo aji, da yadda tela ya amsa tambaya ba a kira shi ba. Dariya ta kuɓuce masa har mai shara ya waigo. Gida da aji sun taru sun yi masa ƙarya, ba wanda ya shawarci wani, kuma duk don kar ya ji kunya a gaban 'yarsa.

Daga nan sai jira. Malam bai san jira ba, shi ake jira. Ya ɗauka zama ne kawai, ashe aiki ne. Duk wanda ya shigo ta ƙofa sai zuciyarsa ta ɗaga, ya ga ba su ba ne, ta koma. Ya duba agogo, ya ɗauke kai ya daɗe a ganinsa, ya sake dubawa ya ga minti uku ne. Shekara da shekaru yana koya wa mutane cewa awa minti sittin ce, bai taɓa zama ya ga tsawonta ba. Ya tuna bakin get ɗin makaranta, ba benci, ba inuwa, da yarinya mai jaka a baya. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Uku saura suka iso, Auta a gaba da akwati, mahaifiyarta a baya da ƙunshin guzuri. Ba su gan shi ba, don ba wanda zai nemi Malam a cikin mutanen da suka riga zuwa. Ya buɗe baki zai kira ta, sai ya fasa. Auta ta ajiye akwati, ta zaunar da mahaifiyarta, ita kuma ta ƙi zama. Ta juya ta fuskanci ƙofar shigowa, ta harɗe hannuwa, ta jingina nauyinta a ƙafa ɗaya. Duk wanda ya shigo sai wuyanta ya ɗan miƙe. Ta ce kar ya yi alkawari, amma ga ta tana duban hanya. Bai taɓa ganin wannan tsayuwar ba, don kullum ta gabanta yake ɓullowa, bayan ta riga ta gyara fuska.

"Auta," in ji shi.

Ta waigo. Ta dube shi, ta dubi agogon tasha, ta sake dubansa.

"Baba, lafiya? Tun yaushe kake nan?"

"Tun ɗazu. Na fara tunanin ko kun makara ne."

Matarsa ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Auta ta yi dariya ita ma, dariyar ta juye mata a tsakiya, ta zauna kusa da shi ta kifa kai a kafaɗarsa kamar ba ma'aikaciyar jinya ba. Ya ba su labarin lema da makaho da ta'asar Kaka. Mutane suka fara cika wurin, har da waɗanda ya sani, suka ɗaga masa hannu ya ɗaga musu daga zaune, bai tashi ba. Awar nan kuwa, wadda ɗazu ta ƙi motsi, yanzu sai ga ta tana zuba gudu.

Jirgi ya shigo. Malam ya ɗauki akwatin da kansa, ya ƙi bari ɗan dako ya taɓa, ya kai shi har wurin zamanta ya sauko ya tsaya a gindin taga. Lasifika ta yi magana, masu rakiya suka fara ja da baya. Auta ta leƙo, ta tambaye shi ƙarfe nawa da Turanci, da irin muryar da take yi tana ƙarama.

Agogon tasha yana nuna huɗu saura minti biyu. Malam ya dube shi da kyau, sannan ya ɗaga lema tsaye, ya miƙa hannun hagu a kwance, ya yi mata ƙarfe uku daidai. Ta nuna masa agogon da yatsa.

"Rabu da shi," ya ce. "Gaba yake yi. Mamanku ta taɓa shi."

Jirgin ya ja. Ya tsaya a haka da hannuwansa a buɗe har tagarta ta sha kwana. Wurin ya watse, mai shara ya dawo da tsintsiyarsa, matarsa ta ce masa su tafi. Ya ce ta ba shi minti biyu. Ta koma benci ta zauna, ba ta duba agogo ba.